Tsagar Bangon Isyaku Birkila

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi a ƙarshen mulkin soja ya san Isyaku Birkila, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan da in kuna gaisawa ba fuskarka yake kallo ba, bangon da ke bayanka yake kallo. Kana ba shi labarin ciwon ƙafar mahaifiyarka, yana cewa Allah ya sawwaƙe, amma babban yatsansa ya riga ya shige wata 'yar tsaga a jikin zaurenka yana auna zurfinta. Ba raini ba ne. Haka Allah ya yi shi, bai iya zama ba, hannunsa kuma bai san hutu ba. Ko a masallaci sai da liman ya taɓa ja masa kunne a kan ya daina ƙwaƙular fentin ginshiƙi ana wa'azi.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Rano. Ubansa maginin ƙasa ne, mai tubali da yaɓe, kuma a gidansu babu abin kunyar da ya kai damina ta same ka ba ka yi wa ɗakinka yaɓe ba. Kana iya kwana da yunwa a rufa maka asiri, amma bango kowa na ganinsa. Da wannan tarbiyya Isyaku ya shigo Kano cin rani yana saurayi, lokacin da gonakin Tarauni ke komawa gidaje. Ya ɗauki kwanon sarki yana jigilar siminti har gashin tsakar kansa ya zube, sannan wani ubangidansa ya miƙa masa cokalin gini. Daga ranar bai sake komawa gona ba.

Aikinsa ba ya da makusa, sai dai aikin nan shi ne ya hana iyalinsa zama wuri ɗaya. Isyaku ba ya iya biyan hayar gida mai kyau, don haka kullum ɗakin da kowa ya gudu shi yake kamawa. Wata ɗaya da tarewa sai ka ga ya toshe yoyo. Wata na biyu ya ɗaga dokin ƙofa. Kafin shekara ta zagayo ɗakin ya zama abin kallo, mai gida ya zo wucewa ya tsaya ya riƙe baki, sai ka ji ko an ƙara kuɗi, ko kuma an tuna cewa akwai ɗan da za a yi wa aure a ɗakin. Haka aka yi masa a Unguwar Gano, haka aka yi a Ƙauyen Alu, haka aka maimaita a Darmanawa. Dillalan gidaje har addu'a suke Allah ya kawo musu shi.

Matarsa Kulu ba mai yawan magana ba ce, amma akwai abin da ke cin ranta. A gida take haihuwa, kuma duk haihuwa ungozoma takan haƙa rami a gindin bango ta binne cibiyar jariri kamar yadda aka saba. Ta 'yar farinta tana Unguwar Gano. Ta Yusuf tana Ƙauyen Alu. Ta yaron da bai yi rai ba tana Darmanawa, a gidan da yanzu ko sallama ba ta da hujjar shiga ta yi. Ita a garinsu, tsohuwa takan nuna maka daidai inda cibiyarka take, ka girma kana wasa a kanta.

Ranar da suka tare a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere bayan titin Zariya, ko kaya ba a gama saukewa ba Kulu ta ga mijinta ya tsaya ƙyam a gaban bangon ɗakin da ke kallon tsakar gida. Wata tsaga ce ta taso daga kusurwar taga ta gangara ƙasa, siririya kamar zare.

"Malam," ta ce, "na gaji da shuka cibiyoyi a gidajen mutane. Ka yi mini alkawari ɗaya. A gidan nan ba za ka taɓa komai ba."

Ya buɗe baki zai kawo bayanin danshi da gindin bango, ta ɗaga masa hannu. Ya yi alkawari, kuma abin mamaki ya riƙe shi. Damina biyu ya yi yana kwana da tsagar nan a gefen kansa. In abin ya ishe shi sai ya fita ya gyara wa maƙwabta makwararar ruwa kyauta, ya dawo yana huci.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki. Gari ya cika da fasta da kiɗa, an rantsar da farar hula, sababbin kansiloli da 'yan korensu suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka, kowa na neman ɗaki a birni kusa da inda ake rabo. Ana cikin haka wata safiya Haruna dillali, wanda ke karɓar haya a madadin mai gidan, ya shigo da sabon takalmi yana ƙara. Ya gaishe da kowa da fara'a, sannan ya ce Alhaji ya ce daga wata mai kamawa kuɗin haya ya ninka.

"Ninki?" Isyaku ya miƙe tsaye. "Malam Haruna, me aka gyara? Wallahi ko ƙusa ban buga ba a gidan nan!"

"Ai ba gyara ba ne, Birkila, zamani ne. Wanda ya ga ba zai iya ba, akwai masu jira a waje."

Abin da ya ƙona ran Isyaku ke nan. A da in an kore shi, ya san hannunsa ne ya jawo masa. Yanzu ya daure, ya zauna da tsaga kamar wanda bai gaji gini ba, ga Kulu da tsohon ciki, amma duk da haka ga kora ta biyo shi.

Maƙwabcinsa na ɗaki shi ne Malam Ayuba, malamin firamare mutumin Kagoro, mai sauraron rediyo kamar ibada. Shi da matarsa Laraba sun daɗe a gidan. Shi ya kira Isyaku gefe ya ce akwai kotun haya, wadda aikinta ke nan, ta duba ko kuɗin da aka ɗora wa ɗan haya ya dace da ɗakin.

"Tica, ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba?"

"Malam Isyaku, yanzu ba lokacin soja ba ne da za a ce ka yi shiru. Ka je ka faɗi naka. Ɗakinka shi ne ya fi kowanne lalacewa a gidan nan, in ka yi nasara mu ma mun samu ƙafa. Ni zan raka ka."

Ranar zaman kotu Isyaku ya sa rigar sallarsa, ya kasa zama a benci, sai da masinja ya daka masa tsawa sau biyu. Shugaban kotun dattijo ne mai farin gemu, da mutum biyu a gefensa. Haruna ya tashi ya ce ɗakin nan lafiya lau yake, kamar jiya aka gina shi. Da aka ba Isyaku dama sai ya manta da batun kuɗi gaba ɗaya, ya shiga bayanin tsaga: inda ta faro, dalilin da ya sa ta faro, ƙarancin simintin da aka zuba a bulon, da irin son zuciyar wanda ya yi ginin. Har da zanawa a iska. Dattijon ya saurara iya haƙurinsa, sannan ya buga tebur a hankali.

"Ya isa, Malam. Ɗaya ya ce sabo, ɗaya ya ce kango. Za mu zo mu gani da idonmu. Kafin nan ba ƙarin haya, ba tashi. Kai kuma kada ka taɓa komai a ɗakin. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

A hanyar komawa Malam Ayuba ya yi ta dariya, ya ce tsagar nan yanzu ita ce lauyansu, a kula da ita kamar jaririya.

To, Haruna ba yaro ba ne. Ya san Isyaku tun Ƙauyen Alu, ya san inda ke masa ƙaiƙayi. Da aka sa ranar zuwa, sai ya kai uzuri cewa Alhaji ya tafi Umara. Aka ɗage. Da aka sake sa wata, ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, alhali an gan shi a wajen ɗaurin aure. Aka sake ɗagewa. Shi dai jira kawai yake, damina na yi masa aiki.

Ruwa kuwa ya sauka a shekarar ba wasa. Tsagar da take kamar zare ta buɗe har yatsa na shiga, daga baya in ka kwanta kana hango hasken tsakar gida ta cikinta. Isyaku ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yana kan aikin mutane a Tarauni, da ya ga hadari ya haɗo sai ya ajiye cokali ya hau acaɓa ya zo ya duba bango, ya koma. Abinci ya daina shiga masa. Ya rame, ya zama mai faɗa, yara suka riƙa laɓewa in ya shigo. Da Kulu ta ga ya fara kewaya ɗakin da hannu a baya yana magana shi kaɗai, sai ta haɗa baki da Laraba: kullum in ya dawo aiki, zai miƙa cokalinsa a ɗakin Laraba, sai da safe a ba shi. Haka babban mutum ya riƙa tsayawa a bakin labulen maƙwabciya yana sallama a ba shi kayan aikinsa.

Cikin watan Agusta Kulu ta sauka lafiya, aka samu namiji. Ungozoma ta haƙa raminta a gindin bangon nan mai tsaga, inda ƙasa ke da laushi, ta binne cibiya ta danne da dutse. Kulu ta sa aka ɗage mata labulen taga ta ga wurin da idonta.

"Wannan dai a nan zai yi rarrafe," ta ce wa mijinta, "a nan zai yi tafiya. Ko ba haka ba, Malam?"

"Da yardar Allah," ya ce, idonsa na kan bango.

Kwana biyu bayan haihuwa aka yi wani ruwa da la'asar, mai iska. Kulu ta ɗauki jaririn ke nan daga kan gado za ta ba shi nono, sai wani ɓangaren filasta ya ɓalle daga saman tsagar ya faɗo daidai inda kansa yake. Ta ƙwala ihu. Laraba ta shigo a guje ta kwashe su zuwa ɗakinta. Isyaku ya iso jiƙe sharkaf, ya ga ɓaraguzai a kan zanin jariri, ya juya zai karɓo cokalinsa.

Malam Ayuba ya riƙe shi. "Kada ka yi. Ka samo azara ka tokare shi kawai. Wannan ma ya fi, su zo su ga bango a tokare. Mai jego ta zauna wajen Laraba, ni na koma falo. Gobe da sassafe zan je kotu in gaya musu bango na shirin faɗuwa a kan mutane."

Isyaku ya samo azara biyu ya tokare bangon. Ayuba ya cika alkawari, ya je ya yi ta magiya, aka ce masa za a duba. Da a nan abin ya tsaya, da labarin ya canza.

Sai dai suna na tafe, kuma mutanen ƙauye ba sa jiran ranar suna. Ana jibi suna da hantsi sai ga Baba Mu'azu, ƙanen mahaifin Isyaku, ya sauka da buhun gero da rago a igiya. Tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana kwaɓa ƙasa tare da yayansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa. Bai sha ba. Ya tashi ya je gaban bangon, ya dubi azarar, ya dubi tsagar daga sama har ƙasa, ya sa yatsa a ciki kamar yadda Isyaku ke yi.

"Ɗakin wa ke nan?"

"Nawa ne, Baba. Ai akwai dalili, shari'a muke…"

"A nan jikan Yaya ya faɗo duniya?"

"Baba, kotu ce ta ce…"

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya goge yatsansa a jikin riga, ya koma kan tabarma, ya ce, "Ashe ranar da muka binne Yaya, har da hannunsa muka binne. Jibi 'yan garinmu za su cika gidan nan. Sai ka tsaya a ƙofa kana gaya wa kowa kotu."

Isyaku ya juya ya nufi ɗakin Laraba. Malam Ayuba yana makaranta. Kulu na ciki tana barcin gajiya.

"Maman Favour," ya ce wa Laraba, "ba ni cokalina."

"Malam Isyaku, ka tuna fa abin da alƙali ya ce."

"Tsagar kawai zan ɗan cike ta waje, don idon baƙi. Ta ciki tana nan, su zo su gani."

Allah ya sani, a lokacin gaskiyarsa yake faɗa. Amma wanda ya shekara biyu yana jin ƙishirwa ba a ce masa ya kurɓa sau ɗaya. Da ya fasa bakin tsagar don siminti ya kama, sai ya ga bulon ciki ya ruɓe, ya zare shi. Da ya zare ɗaya, na kusa ya biyo. Kafin Malam Ayuba ya dawo, rabin bangon na ƙasa, Isyaku na tsakiyar ƙura yana waƙa, Baba Mu'azu ya naɗe hannun riga yana miƙa masa bulo. Ayuba ya tsaya da littattafan 'yan makaranta a hammata, yana kallon ɓaraguzai.

Sabon bango ya tashi, ya sha filasta ciki da waje. Sai tsohon gefen ya zama abin kunya kusa da sabon, aka bi shi shi ma. Aka shafa farar ƙasa. Aka gyara indararo. A ƙarshe Isyaku ya dubi gindin bangon ya ce ai duk wannan banza ne in ruwa zai ci gaba da kwanciya a nan, ya ja dakali na siminti tun daga ƙofa har kusurwa, ya goge shi sumul. Tun da ya zo Kano bai taɓa aiki da daɗin rai irin wannan ba. Kulu ta leƙo sau ɗaya daga ɗakin Laraba, ta saki labule.

Ranar suna gida ya cika. An raɗa wa yaro Sulaiman, an yanka rago an rataye, mata sun ci ado, ƙamshin waina da turaren wuta ya game ko'ina. Ana tsakiyar rabon goro sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Magiyar Malam Ayuba ce ta yi aiki: kotu ta taso da gaggawa ta zo ganin bangon da ke shirin faɗuwa a kan mutane.

Dattijon ya shigo da mutanensa biyu, Haruna na biye da su fuska a murtuke, don shi ma bai san abin da ya faru ba. Da ya ɗaga ido ya ga ɗakin, sai fuskar ta washe kamar an yi masa albishir da Makka.

"Ina ɗakin da ake ƙara a kai?" in ji dattijon.

Haruna ya nuna da hannu biyu.

Ɗaya daga cikin mutanen kotun, wanda da gani ya san gini, ya matsa ya shafa bangon da tafin hannu. Ya ja baya ya kanne ido ɗaya ya dubi kusurwa. Ya ƙwanƙwasa dakalin da takalmi.

"Kai! Wa ya yi wannan aikin?"

Malam Ayuba ya taka ƙafar Isyaku da ƙarfi. Akwai abubuwa da yawa da ya kamata ya faɗa a lokacin: filastar da ta faɗo, zanin jariri, azara, ɗage zaman da Haruna ya yi ta jawowa. Amma ga Baba Mu'azu a kan tabarma ya kafa masa ido, ga 'yan garinsu suna jira, ga wanda ya san aiki ya yaba a gaban kowa.

"Ni ne, ranka ya daɗe," Isyaku ya ce, bakinsa har kunne. "Zo ka ga ta ciki. Wannan bangon ko jikokin Alhaji ba za su gyara shi ba."

Ya ja mutumin ya zagaya da shi lungu-lungu. Ayuba ya zauna a kan turmi ya dafe kai.

Kotu ba ta zalunce shi ba, wannan ko Kulu ba ta taɓa cewa an yi ba. Ranar yanke hukunci dattijon ya ce ya yarda an yi tsaga, shaidu sun faɗa, amma su abin da idonsu ya gani za su yi wa kuɗi, kuma ya yi gargaɗi tun farko. Ya sa a cire wa Isyaku abin da ya kashe a siminti, ya rage wani abu daga ƙarin, ya ba shi zuwa ƙarshen shekara. Abin da ya saura duk da haka ya fi ƙarfin birkila mai 'ya'ya uku. Kafin wa'adin ya cika, Haruna ya riga ya kawo wani sabon kansila ya ga ɗakin, ya yaba ƙwarai.

Ranar tashi aka kira a-kori-kura. Sulaiman ya fara zama amma bai fara rarrafe ba. Isyaku ya yi ta kai da kawo, yana ɗaure katifa yana kwancewa, yana faɗa da direba a kan abin da bai kai ya kawo ba, don dai kada su haɗa ido da matarsa. Laraba na share hawaye da gefen zani. Da aka gama loda kaya aka nemi Kulu, sai aka gan ta tsugune a gaban ɗakin da goyo a baya, tana bin dakalin da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan.

Isyaku ya matso a hankali. "Kulu, mota na jira."

"A ina ne, Malam? Nuna mini daidai wurin. Ina so in san inda zan ce masa."

Ya dubi dakalin. Dutsen da ungozoma ta danne ramin da shi, shi da kansa ya ɗauke ya jefar ranar da yake aiki, bai ko lura ba. Ya nuna kusa da taga, ya janye hannu, ya nuna gaba kaɗan, ya sake janyewa. Siminti ne fes daga ƙofa har kusurwa, ko'ina iri ɗaya.

Kulu ta miƙe, ta gyara goyonta, ta karkaɗe hannu.

"Ko inda zan sa yatsa ba ka bar mini ba," ta ce. "Aikinka ya yi kyau, Malam."

Ta wuce ta shiga gaban mota. Shi kuwa ya hau baya ya zauna a kan katifa, cokalinsa na cikin buhu a tsakanin ƙafafunsa, kuma har suka fita daga Gyaɗi-Gyaɗi bai ɗaga kai ya dubi bangon kowa ba.